Filin Sana'a: Kada ka fara da bis ɗin karbiratar

  

A watan jiya mun yi zancen batir. A wannan wata za mu yi zancen wani ɗan ƙarfe da ke zaune bisa injin mota, wanda bai fi ƙoƙon shan fura girma ba. Sunansa karbiratar. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce masa kafireto.

Wani zai ce: "Malam, mu da ko keke ba mu da shi, ina ruwanmu da cikin mota?" Da ruwanku. Motar kasuwa ita ke ɗaukar wakenku da albasarku da ragunanku. In ta sha isansi fiye da ƙima, a kuɗin motar da kuke biya ake fanshewa. Kuma irin wannan ƙarfe yana cikin babur, yana cikin injin ban ruwan garka, yana cikin ƙaramin injin wuta. Wanda ya gane shi a mota ya gane shi ko'ina.

Abin da ya faru a garinmu

Mota ɗaya ke gare mu a gari, tsohuwar Peugeot 504 bashe. Ta wani dattijo ce, ɗalibina a ajin dare. Ɗansa ke tuƙa ta. Ran kasuwa ta ɗauki kaya, sauran kwanaki kuwa ita ce motar marasa lafiyarmu.

Da hunturu ya shigo sai ta canza hali. Ga baƙin hayaƙi, ga rashin ƙarfi cikin rairayi, isansi kuwa kamar ana zubarwa ƙasa. Tafiyar da take yi da lita 6 ta koma cin lita 9. Duk tashar da aka tsaya sai wani ya taso da turnabis ya ce: "Ai bis ne, kawo in gyara maka." Wannan ya murɗa dama, wancan ya murɗa hagu. Har wani ya buɗe cikin karbiratar ya tsokane shi da allura, aka kuma biya shi.

Wani dare naƙuda ta zo wa wata mata da gardama. Ungozoma ta ce a tafi likita. Aka yi ta murza makulli, mota ta ƙi tashi, sai warin isansi. Samari suka tura, suka sake turawa, a banza. A amalanken shanu aka ɗauke ta, ba a isa ba sai asuba. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya ita da jaririn. Amma daren nan ba wanda ya runtsa a gidansu.

Da safe dattijon ya aika aka kira ni, don ya san kafin in zama malami na yi shekara 3 ina aparanti a wani garaji a Maraɗi. Ya ce: "Malam, ko in saida ta in sayi shanu?" Na ce: "Baba, a dakata tukuna. Bari mu bincika mu ga abin da ke damunta." Abin da muka yi ran nan shi zan faɗa muku daki-daki. Amma sai mun fara sanin aikin abin.

Mene ne aikin karbiratar?

Ku tuna da murhu. In an cusa itace da yawa aka toshe hanyar iska, sai hayaƙi ya turnuƙe, tukunya ta ƙi tafasa. In itace ya yi kaɗan iska ta yi yawa, sai wuta ta yi ta mutuwa. To cikin inji ma wuta ce ke ci, itacenta kuwa isansi. Aikin karbiratar shi ne ya gauraya isansi da iska daidai gwargwado, kafin su shiga inda buji zai ƙyasta musu wuta.

Masana sun auna wannan gwargwado. In a sikeli ne, kilo 1 na isansi yana bukatar iska kusan kilo 15. Iska kuwa ba ta da nauyi sosai. Saboda haka lita 1 ta isansi tana bukatar iska wajen lita 9000. Tano mai cin lita 200, sai an cika irinsa 45 da iska kafin a ƙone kwalba guda ta isansi. Ku riƙe wannan da kyau: abin da mota ta fi sha iska ce. Mu kuwa iskar ƙasarmu cike take da ƙura.

Ga sassan da ya kamata kowa ya sani:

1. Maƙogwaro. Nan iska ke bi. Tsakiyarsa a tsuke take. In iska ta zo wurin sai ta ƙara gudu, ta tsotso isansi ta fesa shi, kamar yadda famfon feshin sauro na da ke yi.

2. Kwano. Ɗan ma'ajin isansi ne. Cikinsa akwai fulotar, yana iyo kamar gora bisa tabki. In kwano ya cika sai ya taso, ya tura wata ƴar allura ta rufe hanya. In isansi ya ragu sai ya sauka, hanya ta buɗe.

3. Jiklar. Ƴan ƙusoshi ne na tagulla, kowane da ƴar huda a tsakiya. Ta hudar nan isansi ke fita. Akwai babba, na tafiya. Akwai ƙarami, na ralanti, wato lokacin da mota ke tsaye inji na juyawa a hankali.

4. Ƙyaure biyu. Na ƙasa shi ke buɗewa in direba ya taka totur. Na sama shi ne sitatar. Da sanyin safe ake jawo shi ya rage iska, don inji mai sanyi ya fi son isansi da yawa. In inji ya ɗuma sai a mayar da shi.

5. Bis biyu a waje. Ɗaya na gudun inji, ɗaya na gauraye.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuta wannan fili. Bis ɗin gauraye aikin ralanti yake yi. Da mota ta kama hanya, babban jiklar ne ke ba da isansi, bis ba shi da ta cewa sai kaɗan. Saboda haka in motarka tana shan isansi a hanya, ko ba ta da ƙarfi, ko ka kwana kana murɗa bis ba za ta warke ba. Sai dai ka ƙara mata wata cutar bisa ta farko.

Maigidana na garaji yakan ce mini: "Yaro, karbiratar marayan mota ne. Kowa ya yi laifi, shi ake duka." Gaskiya ya faɗa. Bis ba ya juya kansa. Motar da ke lafiya jiya ta tashi da tari yau, wani abu ne dabam ya same ta.

Alamomin da za ka duba

Makiyayi yana gane saniyar da ba ta da lafiya ta idonta da kashinta da tafiyarta. Mota ma haka. Abu uku za ka duba: hayaƙi, buji, da murya.

Hayaƙin da ke fita daga salansa:

Baƙi: isansi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

Shuɗi: inji yana ƙona baƙin mai. Wannan tsufan inji ne, ba laifin karbiratar ba.

Fari mai yawa da ba ya tsayawa ko inji ya yi zafi: ruwa ke shiga inda wuta ke ci. Ka tsaya, ka nemi makanike. Amma ɗan farin tururi da sanyin safe ba komi ba ne.

Buji kuwa, ka bari inji ya huce, ka kwance su, ka jera su bisa tsumma yadda suke a jikin inji. Ka dubi bakinsu:

Launin ƙasa-ƙasa kamar ƙuli-ƙuli, a bushe: lafiya lau. Kada ka taɓa komi.

Baƙi a bushe, kamar gindin tukunya: isansi ya yi yawa.

Fari fat kamar toka: isansi ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da ƙima.

Baƙi a jiƙe da maiƙo: baƙin mai ne.

In duka huɗun sun yi launi ɗaya, ka nemi cutar wajen iska da isansi. In ɗaya tak ya bambanta, cutar tana wajen bujin nan, ko wayarsa, ko ɗakinsa. Karbiratar ɗaya ne ke ciyar da su duka.

Sai murya. In isansi ya yi yawa, inji yana nishi da nauyi, hayaƙinsa yana sa ido hawaye, in ya yi zafi yakan mutu a ralanti. In isansi ya yi kaɗan, inji yana atishawa ta maƙogwaron karbiratar, in an taka totur sai ya yi jim kafin ya amsa, kuma ba ya son a mayar da sitatar ko ya ɗuma.

Kowanne da ɓarnarsa. Yawan isansi yana cin aljihu, yana kashe buji. Wanda bai ƙone ba yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya ci kansa. Ƙarancin isansi ya fi haɗari, don yana ƙone supaf da kan fistan. Akwai direbobin da ke matse isansi da gangan wai tattali. Abin da suka tara a wata shida, ran da aka sauke inji ba ya biyan rabin aikin.

Bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Na farko, iska. Ka buɗe filtar iska. In ta takarda ce, ka bubbuga ta a hankali, ka ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki, sai sabuwa. Kada ka wanke ta da ruwa ko da isansi. In mai kwanon mai ce, ka zubar da tsohon man da ya zama laka, ka wanke kwanon, ka zuba sabo har layin da aka zana. Lokacin hazo da ƙura ka riƙa duba ta kowane mako. Kada ka yarda a ce maka a cire ta a yar don mota ta numfasa. Rairayin da zai shiga zai cinye inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ka duba sitatar kuma. In an mayar da shi, ƙyauren sama ya tsaya tsaye a buɗe sarai. Wayarsa takan maƙale, direba bai sani ba.

Na biyu, isansi. Ka tsiyaya kaɗan cikin farar kwalba, ka aje ta lafa. Ruwa ya fi isansi nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Za ka ga rairayi ko tsatsa in akwai. Isansin da aka gauraya da kananzir yana sa mota wuyar tashi da hayaƙi da ƙwanƙwasa. In za ka sayi na kwalba a bakin hanya, ka ɗaga kwalbar ka duba, ka tace da tsumma mai tsabta. Ka duba ƴar filtar isansi da ke jikin tiyo, in ta yi duhu ka canza. Ka bi tiyo da ido ko yana yoyo. Da bazara kuma, in mota ta mutu da tsakar rana bayan doguwar tafiya, sau da yawa isansi ne ya tafasa cikin tiyo. Ka ɗaga marfin inji, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa famfon isansi, ka jira kaɗan.

Na uku, wuta. Raunin wuta da cutar karbiratar kama suke yi da juna ƙwarai. Ka goge buji, wanda ya cinye ka canza. Ka duba wayoyinsu ko sun tsage. Ka buɗe hular delko ko ta fashe ko ta yi ƙura. Saitin lokacin wuta kuwa aikin makanike ne. In wuta ba ta daidai, duk gyaran da aka yi wa karbiratar aikin banza ne.

Na huɗu, ɓarauniyar iska. Iskar da ta shiga inji ba ta ƙofa ba tana rage ƙarfin gauraye. Tana shiga ta juwan ɗin da ke ƙarƙashin karbiratar in ya tsage, ko ta ƙaramin tiyon da ya fashe ko ya zare. Ka tada inji ka kasa kunne, za ka ji tana huci kamar maciji. Ko ka yayyafa ɗan ruwa wurin haɗin. In muryar inji ta canza, ka kama ɓarauniya. Ruwa na ce, ba isansi ba.

Na biyar, cikin karbiratar. Sai waɗancan huɗu sun fita lafiya za a buɗe shi. A shimfiɗa farin tsumma inda ba iska, a jera kowane abu yadda aka ciro shi. A zubar da dattin gindin kwano. A girgiza fulotar kusa da kunne. In ka ji isansi na motsi cikinsa, ya huje, ba ya iyo, shi ya sa kwano ke ambaliya. A dubi bakin allura ko ya cinye, ko datti ya hana ta rufewa. Jiklar kuwa a wanke shi da isansi, a hura shi da famfon keke, a ɗaga shi wajen haske a ga huda ta fita.

Kada a tsokane jiklar da allura ko da waya. Tagulla tana da taushi. Kowane jiklar akwai lamba a jikinsa. A karbiratar Solex, irin wanda ke cikin Peugeot da yawa, lambar faɗin huda take nufi. In an rubuta 120, hudar milimita 1 ce da kashi 20 cikin 100. In allura ta buɗa ta ta koma 130, ido ba zai gani ba, amma inda ake shan lita 6 za a koma shan kusan 7. Hudar da ta buɗe kuma ba ta komawa, sai an sake wani jiklar mai lamba irin ta farko. Kun ga amfanin iya karanta lamba.

Kafin a rufe, inji a kashe, a leƙa maƙogwaro wani ya taka totur sau ɗaya. Ya kamata a ga ɗan zaren isansi ya tsarto. In bai tsarto ba, ɗan famfon da ke cikin karbiratar ya gaji. Shi ke sa mota yin jim in an ba ta wuta.

Na shida, sai bis

Yanzu ne lokacinsa ya yi. Ga yadda ake yi:

1. A fili za a yi, ba cikin ɗaki ba. A fitar da giya, a ja birkin hannu, a sa dutse a ƙafa.

2. Inji a kashe, ka murɗa bis ɗin gauraye ciki a hankali, kana ƙirga rabi-rabin kewaye, har ya taɓa ƙasa. Da ya taɓa ka tsaya. Kada ka matse, bakinsa tsini ne, yana lalacewa. Ka rubuta adadin cikin littafinka, ka mayar da shi inda yake. In gyara ya ɓaci ka san inda za ka koma.

3. In hannu da yawa sun riga sun taɓa shi, ka kai shi ƙasa, ka dawo da shi waje kewaye 2. Wannan mafari ne kawai, don inji ya tashi.

4. Ka tada inji ya yi zafi sosai. Tafiyar minti 10 ko 15 ta isa. Sitatar a mayar, filtar iska a wurinta.

5. Ka murɗa bis ɗin gauraye ciki rubu'in kewaye, ka ƙirga 1 zuwa 10, ka saurara. Ka ƙara rubu'i. Za a kai inda inji zai fara rawa kamar zai mutu. Nan isansi ya yi kaɗan.

6. Ka dawo waje rubu'i-rubu'i. Murya za ta washe, gudu ya ƙaru. In ka ci gaba za ta fara nauyi. Nan isansi ya yi yawa. Ka koma tsakanin biyun, inda inji ya fi sauri da santsi.

7. Da bis ɗin gudu za ka sauke shi ko ka ɗaga shi. Yawancin tsofaffin motocin isansi suna son kewaye 700 zuwa 900 a minti. In ba ka da ma'auni, ka bar shi inda inji ba ya girgiza, jar fitilar batir ba ta ƙyaftawa, giya kuma tana shiga ba ƙara.

8. Ka yi tafiya da ita kwana biyu ko uku, ka sake duba buji. Su za su gaya maka gaskiya.

In ka murɗa bis ciki da waje murya ba ta canza ba, ka aje turnabis. Ko ƙaramin jiklar ya toshe, ko akwai ɓarauniyar iskar da ba ka kama ba. Masu babur kuma ku lura: a wasu baburan bis ɗin iska yake aunawa, saboda haka murɗa shi ciki ƙara isansi yake yi. Tambaya ba ta ɓata hanya.

Abin da muka iske a motar garinmu

Ba mu yi nisa ba. Da muka buɗe filtar iska, ƙurar da ta zubo ta kusa cika ƙoƙo. Rana ba ta ratsa ta ko kaɗan. Wannan ita ce cutar farko. Da an duba ta tun ran da hayaƙi ya fara, da magana ta ƙare nan. Buji huɗu duk baƙi ƙirin. Babban jiklar kuwa, mai allura ya buɗa shi.

Daren naƙuda, buji sun riga sun toshe da baƙi. Yaron kuma, don ruɗewa, ya jawo sitatar ya yi ta tattaka totur, kowane taku yana ƙara watsa isansi, har buji suka jiƙe. Direbobi ku riƙe wannan. In mota ta ƙi tashi kuna jin warin isansi, ta sha ta ƙoshi ne. A mayar da sitatar, a taka totur har ƙasa a riƙe shi nan, kada a tattaka, sannan a murza makulli. Iska za ta share abin da ya taru. In ta ƙi, a kwance buji a shanya su.

Muka aika Maraɗi aka sayo filtar sabuwa da buji, da jiklar mai lamba irin ta asali, don na rubuta wa yaron lambar a takarda. Sannan muka daidaita bis, aikin da bai kai shan shayi ɗaya ba. Mota ta koma lita 6 ɗinta. Dattijon ya ce: "Malam, ashe numfashi ne ya gagare ta, muna ta ba ta maganin ciki."

Gargaɗi

Isansi ba abokin wasa ba ne. Kada a sha taba ko a kawo fitilar kwai kusa da buɗaɗɗen karbiratar. Kada a zuba isansi cikin maƙogwaronsa wani na murza makulli, kada kuma a kai fuska kansa inji na aiki, don wuta takan yi tsalle ta fito. A aje bokitin rairayi kusa. Wutar isansi rairayi ke kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi. A kiyayi farfelar inji da bel, a naɗe hannun riga da rawani. Kada a zuƙi isansi da baki ta tiyo, in ya sarƙe ya shiga huhu yana kisa. Kada a tada mota ko injin wuta cikin ɗaki ko shago a rufe. Cikin hayaƙin akwai wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji barci, daga nan sai gawa.

Ba kowace mota ke da karbiratar ba. Motar gazuwal ba ta da shi. Tun cikin shekarun 1990 yawancin masu ƙera motoci a Turai da Amurka da Japan suka bar sa shi a ƙananan motocinsu. Yanzu ƴar kwamfuta ce ke auna isansi ta fesa shi, irin waɗannan ba su da bis ɗin da za ka murɗa, sai a kai su wurin mai na'urar bincike. Amma tsofaffin suna nan bisa hanyoyin karkara. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, tun 1975 kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, shi ya sa suka yawaita a ƙasar Hausa. Mai irinta ya riƙe ta da kyau, tana da sauran amfani.

Aikin aji

Malamai, ga lissafin da za ku yi da ɗalibai a allo. Motar garinmu tana asarar lita 3 a kowace tafiya. Tana tafiya 8 a wata. Lita nawa ke nan a wata? Ku tambayi kuɗin lita a garinku, ku fitar da jimla. Sannan ku tambayi kuɗin tiyar hatsi ran kasuwa. Tiya nawa ke fita ta salansa kowane wata? Ku aiko mana da amsa, da sunan cibiyarku.

Kowane ɗalibi kuma ya rubuta waɗannan shida cikin littafinsa bi da bi, ya karanta wa direban garinsu: iska, isansi, wuta, ɓarauniyar iska, cikin karbiratar, sannan bis. Direba ya duba motarsa tun ana zaune lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya, mai naƙuda kuma ba ta jiran makanike.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen baƙin mai: yaushe ake juye shi, kuma me ya sa wanda aka juye ba ya komawa cikin inji. Allah ya tsare mu bisa hanya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Ku huta lafiya.